Takardar da Ba a Huda Ba

Umma, tun da aka kai ki makwancinki ban sake taɓa shafin nan ba. In na ɗauki waya zan yi rubutu, sai in ji kamar za ki leƙo daga ɗaki ki ce, "Kai maigida, mi kaka latsawa tun safe, ko cefanena na?" Sai in ajiye. Tabarmarki tana nan jingine a bayan ƙofa, ba wanda ya iya shimfiɗa ta.

Yau dai na daure. Labarin da kika fi ba ni shi zan ba jama'a, wanda kike farawa in kina ɓarar gyaɗa da la'asar, ki kai wani wuri ki yi shiru sai na ce ki ci gaba. In na yi kuskure ki yafe mini, kin san karatuna bai yi nisa ba.

Jama'ar wannan shafi, assalamu alaikum. Ku yi haƙuri da shirun da kuka ji, kakata ce Allah ya yi wa rasuwa. Ga labarin.

Akwai wani mutum a Illela ana ce masa Maccido, a shekarun da Turawa ba su daɗe da shigowa ƙasar Sakkwato ba. A lokacin ne aka ja iyaka tsakanin ƙasar Ingilishi da ta Faransa, mutane suka wayi gari aka ce musu Ƙonni, da suke zuwa cin kasuwa da ƙafa, yanzu wata ƙasa ce daban.

Maccido falke ne, yana safarar fatu da kanwa. Yana da rufin asiri, ya sauke Alƙur'ani, ya ɗan taɓa littattafai. Ba marowaci ba ne, baƙo ba ya kwana da yunwa a zaurensa. Amma akwai abu ɗaya da ya shiga ransa ya zauna, wato takardun gonaki na mutanen farko.

Tun zamanin jihadi, lokacin da malamai da jagororin farko suka sare dajin wannan yanki, suka haƙa rijiyoyi suka kafa garuruwa, in sun yanka wa mutum gona wani lokaci sukan rubuta masa 'yar takarda. Daga tsamiya kaza zuwa kwari kaza na wane ne, shi da zuriyarsa. Su sa hannu, mai hatimi ya buga hatiminsa. Ba kowa ke da irin wannan takarda ba. Masu ita ma ba su ɗauke ta a bakin komai ba, don kowa ya san gonar kowa. Wata tana cikin tsohuwar tukunya, wata a soke a jinkar ɗaki.

Su Maccido yake bi ƙauye ƙauye yana nema. Ba gonar yake so ba, bai taɓa cewa ko taki ɗaya na ƙasar wani nasa ne ba. Hannun da ya yi rubutun yake so. Ya ba wannan riga, ya ba wancan gishiri, su miƙa masa takarda suna mamakin abin da zai yi da ita. Ya san rubutun kowane malami kamar yadda makiyayi ya san shanunsa. Da hantsi yakan zauna a ƙofar zaure, ya buɗe gafakarsa ta jar fata, ya ɗaga takarda saitin rana, yana kallon hoton 'yan jinjirin watanni uku da masu yin takardar suka ɓoye a jikinta, yana murmushi shi kaɗai.

Abokansa na kasuwa sukan tsokane shi.

"Maccido, bana dami nawa gafaka tab ba ka?"

Sai ya ce, "Ku yi ta dariya. Gero ana ci shi ƙare. Hannun mutanen farko in ya ɓace, wa zai sake rubuta shi?"

Maccido yana da yaya mace guda ɗaya, sunanta Tasalla, tana aure a Lafani. Mahaifiyarsu ta rasu yana rarrafe, ita kuma ba ta gama zama budurwa ba. Ita ta goya shi, ita ta dama masa koko, ita ta riƙe hannunsa har ya iya tafiya. Mijinta Yari ya rasu ya bar ta da 'yar ƙaramar yarinya, Rahmatu, da gona guda. Gonar tana da babban gawo a tsakiya, da rijiya da Yari ya haƙa da hannunsa a gefen gabas.

Bayan ta fita takaba, Tasalla ta zo Illela. Ta kwance bakin zanenta ta fito da wani abu nannaɗe a cikin tsohon ƙyallen saƙi wanda shuɗin rininsa ya koɗe.

"Ga wagga. Yari ya ce takardar gonarmu ta, wai hannun Malam Maharazu. Ni ban iya karatu ba, ga gara ta dame ni cikin ɗaki. Ta fi kyau wurinka."

Malam Maharazu yana cikin malaman farko na yankin, kuma Maccido ya daɗe yana neman rubutunsa bai samu ba. Sai da ya tashi ya yi alwala kafin ya buɗe. Ya ture ƙyallen gefe, ya shimfiɗa takardar a kan cinyarsa. Ga baƙar tawada, ga ja a wurin sunayen Allah, ga hatimi zagaye a ƙasa kamar jiya aka buga.

Tasalla ta yi dariya. "Kai Maccido, ko ruwa ba ka ba ni ba, ka tsaya kana gaisawa da takarda."

Ya ce, "Yaya, ba ki san abin da kika kawo mani ba."

Ta ce, "Na sani mana. Na ga fuskarka."

Ana nan sai Turawa suka kawo awon gonaki saboda haraji. Mutane kuma suka riƙa ƙaura, na nan su ƙetara can, na can su ƙetaro nan, kowa na gudun abin da ya fi ƙarfinsa. Rigimar gona ta yi yawa. Takardun da da ba a kula da su ba suka fara amfani.

Wanda ya fara zuwa shi ne Halilu, wani manomi daga Araba, wanda ya taɓa ba Maccido takardarsa ya karɓi riga. Ya iso da gumi sharkaf, ya ce wani ya tasar wa gonarsa, kuma Bature yana rangadi, zai zauna tare da alƙali, an ce mai takarda ya kawo.

Maccido bai yi wata-wata ba. Ya zaro ta ya miƙa masa. "Taka ta. Tahi da ita, Allah shi ba mai gaskiya sa'a."

Halilu ya ci shari'a. Amma takardar ta zauna a hannun malaman ofis har damina ta wuce. Da ya karɓo ta ya kawo, Maccido ya buɗe, sai ya yi kamar an soke shi.

Ashe al'adar malaman ofis ce, duk takardar da ta shiga shari'a sai su huda ta da basilla, su zura kirtani su ɗaure ta da 'yan'uwanta don kada ta ɓace. Wanda ya huda wannan bai ko duba ba. A tsakiyar hatimi ya soka basillar, daidai inda sunan malamin yake.

Ranar Maccido bai ci abinci ba. A gaban mutanen da ke zaurensa ya ɗaga murya ya ce, "Wallahi tallahi, takarda ba ta ƙara hita gafakag ga ta tahi gaban shari'a, ko ta wane ne!"

Halilu ya durƙusa. "Allah gafarta Malam, ka yi haƙuri. Amma hujin ga shi ya bar mani gonata."

"Tashi ka ba ni wuri."

Halilu ya tashi. Duk da haka, kowace kaka sai ya ɗoro damin gero a kan jaki ya kawo Illela. Ya yi sallama, Maccido ya amsa ba tare da ya ɗago kai ba, ya ce, "Ajiye can." Halilu ya ajiye, ya yi godiya, ya juya.

Sai shekarar babbar yunwa ta zo. Ruwa ya ɗauke, shuka ta ƙone a tsaye. Ƙauyuka suka watse, tsofaffi da yawa ba su ga damina ta gaba ba. Maccido ya aika wa yayarsa hatsi fiye da sau ɗaya, da shi ita da Rahmatu suka rayu.

Da ruwa ya dawo, wani mutum mai suna Idi ya ƙetaro daga hayin iyaka, ya ce gonar Tasalla ta kakansa ce, aro aka ba su Yari. Ya zo da shaidunsa. Dattawan Lafani da suka san asalin maganar duk yunwa ta tafi da su. Alƙali ya ce wa Tasalla, in da takarda ta kawo a zama na gaba, in babu zai yi hukunci da abin da ke gabansa.

Ta kamo hannun Rahmatu suka taho Illela da ƙafa. Ta tarar da ƙanenta a ƙofar zaure, gafaka a gefensa. Wannan karon ya ba ta ruwa. Ta sha, ta gaya masa abin da ya kawo ta.

Ya ce, "Yaya, kin san na yi rantsuwa."

"Na sani, har Lafani munka ji. Na tambayi liman, ya ce rantsuwa tana da kaffara. Miskinai goma za ka ciyar. Kai dai ba da hatsi, ni zan daka, ni zan tuƙa, ni zan raba."

"Ba ki gane ba. Huda ta za su yi."

"To su huda mana. Takarda tana jin zahi?"

"Hannun Malam Maharazu na fa! Duk ƙasag ga babu ta biyu."

Tasalla ta dube shi. "Yayarka ma babu ta biyu, Maccido."

Ya kau da kai.

Ta sassauta murya, kamar lokacin da take lallashinsa ya sha magani. "To taho mu tahi tare. Ka riƙe ta da hannunka, alƙali shi gani, ka maida ta gafaka."

"Ba haka suke yi ba. Duk abin da anka nuna sai sun karɓe, sai shari'a ta ƙare. Na gani da idona." Ya matso kusa da ita. "Yaya, saurara. In gona ta tahi, ga ɗaki, ga abinci, ki dawo nan ke da Rahmatu. In noma kike so, in nema maki wata gona wadda ta hi waccan."

"Da rijiyar Yari a ciki?"

Ta ci gaba:

"Rani biyu yana haƙa ta, ina ja mashi ƙasa da guga. Ban zo roƙon tuwo ba, ƙanena. Abin da nib ba ka niz zo aro."

Maccido ya tashi ya ɗauki gafaka ya shiga gida. Ta ɗauka takardar zai ɗauko mata a nannaɗe. Sai ya fito da sabuwar takarda da kurtun tawada da alƙalami. Ya ce zai kwafa mata, kalma da kalma, alƙali ya karanta ya gane.

Ya zauna ya shimfiɗa ta asalin a kan cinyarsa, ya yi ta rubutu. Bai taɓa yin rubutu mai kyan wannan ba. Ya sa baƙi a wurin baƙi, ja a wurin ja. Tasalla na zaune a ƙasa tana kallonsa, Rahmatu ta yi barci a kan cinyarta. Da ya gama ya busa tawadar ta bushe, ya miƙa mata da hannu biyu.

Ta karɓa. Ta dubi wadda ke hannunta, ta dubi wadda ke kan cinyarsa. Ta tashi Rahmatu, ta gyara mata zane. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Allah shi yi maka albarka, Maccido."

A nan ne Umma takan yi shiru. Gyaɗar na hannunta, ba ta ɓarewa, ba ta ajiyewa.

Ranar shari'a alƙali ya karɓi takardar, ya juya ta, ya kai ta hanci ya sansana.

"Baiwar Allah, wagga tawada ai ba ta ko gama shan iska ba. Ina hatimi?"

Ta ce, "Yana wurin ta asali."

"Ina ta asalin?"

Tasalla ba ta iya kiran sunan ƙanenta a gaban jama'a ba. Wasu suka yi dariya. Aka ba Idi gona.

Abu ɗaya ta roƙa, a bar ta ta ɗebi ruwa a rijiyar sau ɗaya. Aka bar ta. Ta cika tulunta, ta ɗora a ka, ta kama hannun 'yarta. Ba ta bi hanyar Illela ba. Ta ƙetara iyaka zuwa wani ƙauye a bayan Ƙonni, inda wata ƙanwar Yari ke aure. A can ta riƙa yin dakau, da damina ta yi wa mutane aiki a gonakinsu.

Maccido ya aika mata da zane da hatsi. Ta karɓa, ta ce a gaishe shi, a ce ta gode. Amma ba ta zo ba. Shi ma ya yi ta niyyar zuwa. In damina ta wuce. In ayari ya dawo. In an yi sallah. Yana cikin wannan sai ɗan aike ya zo ya ce ciwon ƙirji ya kama Tasalla, har an rufe ta. Ko ta'aziyya kunya ba ta bar shi ya je ba, wakili ya tura.

Bayan ita wasu ma sun zo neman takardunsu. Duk amsa ɗaya yake ba su, ya yi rantsuwa. Wanda ya hana yayarsa, wa zai ba? A hankali mutane suka daina tsokanarsa a kasuwa. Suka daina zama a zaurensa.

Shekaru suka tura. Wata rana ya ɗaga takarda saitin rana, bai ga watannin nan uku ba. Ya ce hazo ne. Daga baya ya fara ƙorafin wai tawadar mutanen farko tana koɗewa. Ba tawada ba ce, yanar ido ce take rufe masa gani. Kafin a jima ko hannunsa ba ya gani.

Falken da ba ya ganin fata ba ya ciniki. Matarsa ta rasu. 'Ya'yansa maza sun bi kasuwar gyaɗa sun yi kudu, sai jefi-jefi ake jin labarinsu. Gida ya rage daga shi sai gafaka.

Da hantsi yakan lallaɓa ya fito ƙofar zaure kamar da. Ya buɗe gafaka, ya riƙa zaro su ɗaya bayan ɗaya yana shafawa. Wannan ta wane malami ce? Bai sani ba. Waccan fa? Bai sani ba. Duk ɗaya suke a hannu, sanyi da santsi, ba mai ce masa komai. Ta Tasalla tana can ƙasan gafaka a cikin ƙyallenta, ita kam ba ya iya kwance ta.

Sai ranar da yatsansa ya faɗa cikin wani ɗan rami a tsakiyar wata takarda. Ya tsaya. Ya sake shafawa.

Ya ce a fili, "Wagga ta Halilu ta."

A cikinsu duka, wadda ya ce an lalata ita kaɗai ta gaya masa sunanta. Tun daga ranar ita yake fara nema. In ya ɗora yatsa a kan hujin sai ya ga Araba, ya ga mutum da gumi sharkaf, ya ji muryar kansa yana cewa, tahi da ita.

Da kaka ta yi, ya ji takun jaki a ƙofar gida.

"Salamu alaikum, Allah gafarta Malam. Na kawo 'yar gaisuwa."

Halilu ne, shi ma ya tsufa, muryarsa ta yi rauni. Ya sauke damin ya tsaya yana jiran a ce masa ajiye can.

"Halilu, matso nan. Ba ni hannunka."

Ya miƙa masa. Maccido ya kama yatsansa ya ɗora a kan hujin.

"Mutum nawa ka ci daga gonag ga yanzu?"

Halilu ya yi 'yar dariya. "Ai Malam mun yi yawa. Ga 'ya'ya, ga matansu, ga jikoki kamar fara. Ni kaina sai in kira wannan da sunan wancan, su yi ta yi mani dariya."

"Duk ta wanga ɗan huji abincinsu ya biyo."

"Haka na, Malam. Na gaya maka tun ranar, ka kore ni."

Maccido ya sunkuyar da kai, hawaye na zuba daga idanun da ba sa gani. Halilu bai janye hannunsa ba.

Can Maccido ya ce, "Geron da ka kawo, a daka shi, a tuƙa, a kira miskinai goma. Akwai wadda tac ce ita za ta tuƙa mani, ban bari ba."

Aka yi haka. Sannan ya sa aka kira liman ya riƙa karanta sunayen da ke cikin takardun, ana aika wa masu su. Wasu an same su. Wasu sun rasa gonakin tuntuni, sun bar ƙasar, ba wanda ya san inda suka nufa. Da gafaka ta kusa zama wayam, ya ce wa Halilu, "Saura guda. Wagga da ƙafata zan kai."

Halilu ya ɗora shi a kan jaki, yana ja, suka ƙetara iyaka. Suka yi ta tambaya har aka nuna musu gidan. Rahmatu ta zama babbar mace, da goyo a bayanta, tana daka a tsakar gida.

"Wa ke sallama?"

"Kawunki na, Maccido."

Taɓarya ta tsaya. Rahmatu ta shiga ɗaki ta fito da ƙwarya cike da ruwa, ta durƙusa ta sa masa a hannu.

"Sha, Kawu. Inna tac ce in ka zo in fara ba ka ruwa, kada in hwaɗa maka magana. Ta ce za ka zo, jinkiri gare ka, ko tahiya ba ka yi da wuri ba."

Ya kasa sha. Ya laluba cikin rigarsa ya fito da ƙunshin, ya miƙa inda yake jin muryarta.

Rahmatu ta kwance. Ta ɗaga takardar saitin rana, kamar yadda ta taɓa ganin yana yi tana yarinya. Gonar kam ta riga ta tafi, tana hannun 'ya'yan Idi, shari'ar ta daɗe da mutuwa, alƙalin ma ya mutu.

"Ta yi kyau, Kawu. Ko ƙwarzane babu."

Ta sauke takardar, ta ƙara da cewa:

"To mi zan shuka cikinta?"

Umma ta ce ba da faɗa ta faɗa ba. A hankali ta faɗa, kamar mai tambayar hanya. Halilu ya juya yana gyara wa jaki igiya.

Rahmatu ta ɗauki ƙyallen da ya faɗi a ƙasa, ta kakkaɓe. Ta daɗe tana dubansa.

"Kawu, ka san wanga ƙyalle?"

"Cikinsa ta kawo mani ita."

"Guntun majanyin da ta goya ka da shi na. Ta ce ta ajiye shi tun kana ƙarami. Da za ta kawo maka abin da ta san za ka so, ta ga ba abin da ya dace ta naɗe shi ciki sai shi."

Shekara da shekaru yana kwance wannan ƙyalle, ya ture shi gefe don ya kalli rubutu. Ko sau ɗaya bai tambaya ba.

Ya miƙa hannu biyu. "Riƙe takardar, ɗiyata. Ba ni ƙyallen."

Ta ba shi. Ya kifa fuskarsa a ciki. Wannan kam hannunsa ya gane shi, kowane zare.

Bai ga wata kakar ba. Da ya rasu, Halilu da 'ya'yansa ne suka taho daga Araba suka ɗauki makararsa.

Rahmatu ita ce ta haifi kakata Umma.

Darasi: Duk abin da ka ajiye, komai tsufansa, komai darajarsa, don mutum aka yi shi. Malam Maharazu bai rubuta takardar nan don a kalla ba, ya rubuta ta ne don wata rana ta tsaya wa mai gona. Wadda aka huda ta ciyar da gida guda har jikoki, wadda aka tsare ba ta ciyar da kowa ba. In ɗan'uwanka ya zo neman abin da ke hannunka alhali yana raye, ka ba shi, ko da zai dawo maka da tabo. Kada ka fake da rantsuwa, Allah ya yi mata mafita. Ku tura wa wanda kuka san yana riƙe da wani abu, wani na tsaye a ƙofarsa yana jira. Ku kuma sa Umma a addu'a.

Umma, ranar da jikinki ya yi tsanani, da kika ce kowa ya fita sai maigidanki, kika sa na jawo tsohuwar kwallarki daga ƙarƙashin gado, na ɗauka goro za ki ba ni. Sai kika sa mini takardar nan a hannu. Kika ce kyauta ce, kada in so ta fiye da mutum.

Jiya da hantsi na fito da ita na ɗaga saitin rana. Watannin nan uku suna nan. Hatimin yana nan zagaye. Na shafa ta daga sama har ƙasa ina neman huji, ko ɗan ƙarami, ban samu ba.

Akwai masu zuwa daga birni suna neman irin waɗannan takardu, na sha ɗauko su a mashin daga tasha. Ban san abin da zan yi da ita ba tukuna. Na dai naɗe ta a cikin ɗankwalinki, wanda har yanzu yake ƙamshin man kaɗanya.

A gida har yau ban gaya wa kowa ba.